ALT da AST: Aikinsu a cikin jiki da abin da lambarsu ke nufi a gwajin hanta

Duk wanda aka taɓa turawa gwajin hanta, ko don neman aiki ne, ko shirin aure, ko kuwa bayan likita ya ga idanunsa sun yi ɗorawa, ya san yadda takardar sakamakon take: haruffa a gefen hagu, lambobi a tsakiya, sai iyakar da bai kamata a wuce ba a gefen dama. Daga cikin haruffan akwai guda biyu da ba sa rabuwa, ALT da AST, waɗanda wasu ɗakunan gwaji har yanzu suke rubutawa da tsofaffin sunayensu, SGPT da SGOT. Da zarar lambar da ke gabansu ta haura iyaka sai hankali ya tashi, wani ya nufi kemis, wani ya nufi mai maganin gargajiya neman abin “wanke hanta”. Mutane da dama sun ɗauka wata guba ce ta taru a jini, ko kuwa sunan ƙwayar cutar ke nan.

Alhali ALT da AST ma'aikatan jiki ne, kuma suna bakin aiki a jikin kowane lafiyayye a wannan sa'ar. Suna cikin dangin sinadaran da masana ke kira aminotiransfares. Wurin aikinsu cikin ƙwayoyin halitta ne, musamman na hanta da tsoka da zuciya, abin da ake aunawa a jini kuwa ɗan abin da ya tsiyayo ne daga can. Wanda ya san aikin da suke yi a mazauninsu zai fi gane abin da ganinsu a jini yake nufi.

Furotin da matsalar naitirojin

Aminotiransfares enzayim ne. Enzayim kuwa sinadari ne da ke hanzarta sauya wani abu zuwa wani ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Matan da ke naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda don ya yi laushi, enzayim ɗin da ke cikin gwandar suke sa wa aiki. Jikin mutum yana da dubbai irinsa, kowanne da aiki guda da ya ƙware a kai.

Abin da wannan dangi ke aiki a kansa shi ne amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su. Nama, kifi, ƙwai, nono, wake da gyaɗa, idan sun isa ciki da hanji, ana warware furotin ɗinsu zuwa waɗannan tubala, jini ya kwashe su zuwa hanta da sauran sassan jiki. Iri 20 ne ake gina furotin ɗin mutum da su. Kowannensu yana da sassa biyu da suka shafe mu a nan: gangar jiki da aka yi da kabon, da wani ɗan guntu mai ɗauke da naitirojin, wanda ake kira amino. Wannan guntun ne ya bambanta furotin da sitaci da mai. Kusan kashi 16 cikin 100 na nauyin furotin naitirojin ne.

Matsalar a nan take. Jiki yana da rumbun ajiye sukari a hanta da tsoka, yana da na ajiye mai a kitse, amma ba shi da rumbun rarar amino asid. Wanda ya ci tsire ya wuce buƙatarsa, rarar ba ta zama a jira gobe. Ban da wannan, jiki yana rusa nasa furotin yana sake ginawa kullum, giram 250 ko fiye a babban mutum, abin da ya ninka wanda yake ci sau da yawa. Mafi yawan tubalan ana mayar da su cikin gini, amma wasu sukan yi saura. Gangar jikin waɗanda suka yi saura abu ne mai amfani, ana ƙona ta a samu ƙarfi, ko a mayar da ita sukari ko mai. Sai dai ba za a taɓa ta ba sai an cire guntun naitirojin, shi kuma idan aka sake shi haka kawai, amoniya yake zama, amoniya kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwa. Dole ke nan a sami mai karɓarsa hannu da hannu.

Yadda musayar take

Abin da aminotiransfares ke yi ya yi kama da furfure, wato cinikin ba ni gishiri in ba ka manda. Yana ɗauke guntun amino daga kan wani amino asid ya ɗora shi a kan wani sinadari da ba shi da shi, wanda ake kira keto asid. Wanda aka sauke wa kaya ya koma keto asid, wanda aka ɗora wa ya zama amino asid. Babu naitirojin da ya zube ƙasa a tsakani.

ALT yana ɗaukar amino daga alanin ya miƙa wa alfa-ketogulutaret. Alanin ya koma fairubet, wanda shi ne abin da sukari ke zama a kan hanyar ƙonuwarsa, alfa-ketogulutaret kuma ya zama gulutamet. AST haka yake yi da asfatet: asfatet ya koma oksaloasitet, a sake samun gulutamet. Sunayen suna da nauyi a baki, amma abin lura ɗaya ne: kusan duk ’yan wannan dangi mai karɓar kayansu ɗaya ne, kuma gulutamet ne sakamakon. Naitirojin da ya fito daga amino asid iri-iri yana taruwa a wuri guda, kamar yadda hatsin ƙauyuka ke haɗuwa a kasuwar Dawanau kafin a raba shi inda za shi. Gulutamet ɗin nan, a ɗan yi ratse, shi ne dai wanda ke cikin farin magi yake ba miya ɗanɗano.

Musayar tana tafiya ta kowane ɓangare. Idan alanin ya yi yawa, ALT ya mayar da shi fairubet. Idan fairubet da gulutamet ne suka yi yawa, ya juya ya ƙera alanin. Don haka enzayim ɗin da ke rusa amino asid shi ne kuma ke gina shi, buƙatar ƙwayar halitta ce ke nuna masa alƙibla.

Masana biyu na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, Alexander Braunstein da Maria Kritzmann, su ne suka gano wannan musaya a birnin Mosko a 1937, a binciken da suka yi da tsokar ƙirjin tattabara. A shekarun 1940 aka gane cewa enzayim ɗin ba ya iya komai shi kaɗai, sai da taimakon bitamin B6, kuma binciken Esmond Snell a Amurka ya taka rawa sosai wajen fito da haka. Bitamin ɗin, a siffarsa ta aiki, yana maƙale a tsakiyar enzayim ɗin, kuma shi ne hannun da ke riƙe kaya. Amino asid ya shigo, ya sauke amino a kan bitamin, ya fita. Sannan keto asid ya shigo ya ɗauka ya fita, bitamin ya koma yadda yake. Mai bayarwa da mai karɓa ba sa haɗuwa a ciki lokaci guda. Babban mutum yana buƙatar abin da bai kai miligiram 2 na bitamin B6 ba a rana, kuma ana samunsa a hanta, kifi, kaza, wake, gyaɗa, ayaba da dankali. Maganin tarin fuka mai suna isoniazid yana ƙarar da shi a jiki, shi ya sa ake haɗa wa masu shansa ƙwayar B6, musamman masu ciki da masu ciwon suga da masu ɗauke da HIV.

Daga tsoka zuwa fitsari

Bayan naitirojin ya taru a gulutamet, hanta ce ke ƙarasa aikin. A can wani enzayim na daban yake sakin amoniya daga gulutamet, a wuri killatacce, nan take a shigar da ita cikin jerin sauye-sauyen da ke ƙera yuriya. Hans Krebs da Kurt Henseleit ne suka bayyana wannan zagaye a Jamus a 1932. Kowace ƙwayar yuriya tana ɗauke da naitirojin biyu: ɗaya daga amoniyar, ɗaya kuma daga asfatet, wanda AST ke samarwa. Yuriya ba ta da haɗarin amoniya, tana narkewa a ruwa, ƙoda ta tace ta, ta fita da fitsari, kimanin giram 20 zuwa 30 a rana ga mai cin abinci daidai. Ita ce kuma sinadarin da ke cikin buhun takin zamanin da manoma ke kira yuriya, sai dai shi a masana'anta aka haɗa shi. Idan hanta ta lalace ƙwarai har wannan aiki ya tsaya, amoniya takan taru ta kai ƙwaƙwalwa, marar lafiya ya shiga ruɗewa, barcinsa ya juye, daga baya ya fita hayyacinsa.

ALT yana da wani aiki da ya fi fitowa lokacin yunwa ko azumi. Ƙwaƙwalwa da jajayen ƙwayoyin jini suna buƙatar sukari ba dare ba rana, ajiyar da ke cikin hanta kuwa ba ta wuce ta kusan yini guda ba. Yayin da take raguwa, tsoka takan rusa kaɗan daga furotin ɗinta, ALT na cikin tsoka ya ɗora naitirojin a kan fairubet ya zama alanin, jini ya kai shi hanta. ALT na hanta ya sauke kayan: naitirojin ya bi hanyar yuriya, fairubet kuma a ƙera sabon sukari da shi a mayar cikin jini. Tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu, an fitar da shara an kuma kai ɗanyen kaya. Wannan na daga cikin dalilan da mai doguwar jinya ko mai fama da yunwa yake zubar da tsoka ba kitse kaɗai ba.

AST ma yana da aiki na biyu a cikin maitokondiriya, ɗakunan da ƙwayar halitta ke samar da ƙarfi, inda yake taimakawa wajen shigar da makamashin da aka samo daga sukari. Shi ya sa ya yawaita a gaɓoɓin da ba sa hutawa, zuciya da tsoka da ƙoda da ƙwaƙwalwa, ban da hanta.

Akwai inda ikon wannan dangi ya tsaya. Jiki yana iya ƙera amino asid ne kawai idan yana iya ƙera gangar jikin da za a ɗora amino a kanta. Guda 11 cikin 20 yana iya su, guda 9 kuwa dole su zo daga abinci. Ɗaya daga cikin taran, laisin, ba ya ma shiga wannan musaya ko kaɗan, kuma shi ne wanda ya yi ƙaranci a masara da dawa da gero da shinkafa. Wake yana da shi da yawa. Koko da ƙosai, ko shinkafa da wake, haɗi ne da yake cike wannan giɓi, kuma kowanne ya fi hatsi zalla amfani ga yaro mai tasowa.

Yadda suka shiga asibiti

Kusan shekara 17 aminotiransfares yana hannun masu binciken sinadarai kafin likitoci su ga amfaninsa. A 1954 John LaDue da Felix Wróblewski da Arthur Karmen a birnin New York suka nuna cewa AST yana hauhawa a jinin wanda ya sami bugun zuciya. Da zuciya aka fara, ba da hanta ba. Ba da jimawa ba aka ga yana tashi a ciwon hanta ma, aka kuma gane cewa ALT ya fi shi keɓanta da hanta. A 1957 Fernando De Ritis a Italiya ya nuna cewa kwatanta lambobin biyu da juna yana taimakawa wajen rarrabe cututtukan hanta, kuma har yau ana kiran wannan lissafi da sunansa. A ɓangaren zuciya an daina dogaro da AST, gwajin taroponin ya maye gurbinsa.

Dalilin hauhawar mai sauƙi ne. Yawan enzayim ɗin a cikin ƙwayar hanta ya ninka na jini sau dubbai. Idan bangon ƙwayar ya raunana ko ya fashe, abin da ke ciki ya malalo. Ɗakin gwaji ba ya ƙirga enzayim ɗin kansa, saurin aikinsa yake aunawa: a zuba wa ruwan jinin alanin da alfa-ketogulutaret, a duba yadda musayar ke gudu, a rubuta sakamako da ma'aunin U/L. Yawancin ɗakunan gwaji suna sa iyakar a wajen 40, kowanne dai da nasa gwargwadon na'urarsa. A jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ciwon hanta nau'in B an sauko da iyakar ALT zuwa 30 ga maza da 19 ga mata, don haka sakamakon da takarda ta ce daidai ne yana iya jan hankalin likitan da ke bibiyar mai wannan cuta.

Karanta lambar

Girman lambar yana ba da alama. Idan ta kai dubu ko dubbai, abubuwa kaɗan ne ke kawo haka: sabon kamu na ƙwayar cutar hanta, gubar magani, ko katsewar jini ga hanta. Cikin magunguna parasitamol ne ya fi suna. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, kuma mutum yana iya wucewa bai sani ba idan ya haɗa shi da maganin mura ko na ciwon jiki da shi ma yake ɗauke da parasitamol a ciki. Hauhawa kaɗan, ninki biyu ko uku, ta fi yawa, kuma dalilanta sun fi yawa: kitse a hanta ga masu ƙiba da masu ciwon suga, daɗaɗɗen ciwon hanta nau'in B ko C, magungunan tarin fuka, giya, da haɗe-haɗen gargajiya waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba. A ciwon hantar da giya ta haddasa AST yakan ninka ALT sau biyu ko fiye, kuma ƙarancin bitamin B6 ga mashaya na daga cikin dalilan, domin ALT ya fi jin rashinsa.

Idan AST ne kaɗai ya tashi, ba lallai hanta ce ba. Aikin ƙarfi da ba a saba ba, rauni a tsoka, da fashewar jajayen ƙwayoyin jini irin na masu sikila da masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani duk suna ɗaga shi. Ko jinin da ya fashe a cikin kwalba saboda rashin kula wajen ɗiba yana iya ba da lambar ƙarya. A zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga wani gari a Jihar Borno inda aka fara gane shi a 1969, AST yana nuna tsananin cutar: binciken da aka yi a Saliyo, aka wallafa a 1986, ya nuna cewa wanda aka kwantar da AST ɗinsa ya haura 150 yana cikin haɗarin mutuwa fiye da sauran.

Saukar lambar ma tana da lissafi. Jiki yana share rabin AST ɗin da ke jini cikin kimanin sa'a 17, ALT kuwa cikin kimanin sa'a 47. Idan abin da ya ji wa hanta rauni ya wuce, lambobin za su sauka da kansu cikin kwanaki ko makonni. A nan ne masu sayar da maganin wanke hanta suke samun shaidar da ba tasu ba: mutum ya sha jiƙo bayan gajeren ciwo, ya sake gwaji ya ga lamba ta faɗi, ya yaba wa jiƙon.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne ɗaukar kyakkyawar lamba a matsayin shaidar lafiya. Ana sa ALT da AST cikin abin da ake kira gwajin aikin hanta, amma ba aikin hantar suke aunawa ba, ɓarnar da ke faruwa a lokacin suke nunawa. Hantar da ta daɗe tana ciwo har ta ƙanƙance ta zama tabo tana iya ba da ALT daidai ko kusa da daidai, don ƙwayoyin da za su fashe sun ragu. Masu nuna ko hanta tana iya aikinta su ne albumin da take ƙerawa, da bilirubin da take fitarwa, wanda taruwarsa ke kawo shawara, da kuma lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare.

Wannan ya shafi mutane da yawa a Najeriya. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na ’yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Cutar tana da lokutan lafawa da na tashi, ALT yana hawa da sauka tare da su, kuma mai ita yana iya shafe shekaru ba ya jin komai. Gwajin ALT ba ya gano ƙwayar cutar, gwajin HBsAg ne ke yin haka. Ga wanda aka tabbatar yana da ita, ALT na sau ɗaya ba ya isa yanke hukunci; ana maimaita shi lokaci-lokaci, a haɗa da auna yawan ƙwayar cutar a jini inda hali ya yi, kafin a yanke shawarar fara magani irin tenofovir. Inda babu na'urar auna taurin hanta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani lissafi mai suna APRI, wanda ake yi da lambar AST da adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, don ƙiyasta ko tabo ya fara. Gwaje-gwajen biyu suna samuwa a yawancin manyan asibitoci.

Wanda sakamakonsa ya haura iyaka kaɗan, likita yakan fara ne da tambayoyi kafin ya rubuta komai: wane magani ake sha, na asibiti da na kemis da na gida, har da na ƙarin kuzari da na rage ƙiba, ko an yi zazzaɓi kwanan nan, ko an yi aikin ƙarfi kwana ɗaya ko biyu kafin ɗibar jini, ko ana shan giya. Tambayar ƙarshe da ta jiƙe-jiƙe su ne mutane suka fi ɓoyewa, kuma su ne suka fi sauya fassarar lambar. Daga nan akan nemi gwajin nau'in B da C, wani lokaci da hoton ciki, a kuma sa ranar maimaita ALT da AST bayan ’yan makonni, a ɗakin gwajin da aka yi na farko idan zai yiwu, domin a kwatanta lambobin da ma'auni ɗaya.